Rijiyar da Aka Yi wa Wanka

Liman na sallame asuba muka tashi daga unguwar Utaibiyya, mu uku a mota, da akwatin sanyi cike da ƙananan kwalabe ba komai a cikinsu. Masu bibiyata sun san Umra ce ta kawo ni Makka, kuma da yawanku kun yi ta tambaya ina na shige har kwana shida ba hoto ba labari. To ga inda na shige. An ɗauke ni ne ɗan aike tsakanin uba da ɗansa, aka ƙara mini da riƙon kwalba.

Bari in gabatar da mutanen tun yanzu. Akwai Kawu, wanda za mu je wurinsa, ɗan wan kakata ne. Mahaifinsa ya baro ƙasar Kano da ƙafa tun zamanin Turawa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya haye teku, ya yi shekaru yana ga-ruwa a unguwar Jarwal ta Makka. Daga baya ya samu wani fili a cikin Wadi Fatima, wani kwari a wajen Makka, ya haƙa rijiya da hannunsa, ya dasa dabino. A nan aka haifi Kawu, a nan kuma yake zaune har yau da shekara tamanin da 'yan kai. Akwai ɗansa na fari, wanda nake kira Yaya, ma'aikacin wani otal ne a Jarwal. Sai 'yar Yaya, wadda kowa ke kira Dakta, masaniyar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ita ce kuma direbarmu.

Ga abin da ake ja a kansa. Yaya yana so Kawu ya baro gonar ya dawo gidansa na Utaibiyya, hawa na uku, kusa da asibiti. Matar Kawu ta rasu shekara huɗu ke nan, dabinon ya fara rawaya, ruwan rijiyar ya fara zartsi. Kawu ya ce rijiyar ubansa da ranta. An yi ta kai-kawo har aka tsaya a kan magana ɗaya: Dakta za ta auna ruwan. In rijiyar tana shan sabon ruwan sama, Kawu ya yi zamansa, ba mai sake tayar da zancen. In kuwa tsohuwar ajiya take lasa, ko teku ce ta shigo mata, Kawu ya tattara ya biyo mu. Su biyun sun yarda, amma ba baki da baki ba. Yaya ɗan fari ne, Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, shi kuma ba ya iya ɗaga ido ya yi masa musu. Larabcin Makka ya cinye musu abubuwa da yawa na gida, wannan kunyar dai tana nan daram, shi ya sa aka nemo ni.

Mun fara tsayawa a Zahir, wurin wani mai ful da tamis. Ful wake ne da aka dafa har ya narke, a zuba masa mai da yaji, tamis kuwa burodi ne faffaɗa kamar faifai, ana manna shi a jikin tanderu a ciro shi da zafinsa. Riyal goma sha biyar ya ƙosar da mu uku har da shayi. Na fara juya kuɗin zuwa naira a zuciyata, na ga loma na neman tsaya mini a wuya, sai na bari na ci gaba da ci. Daga nan muka miƙe ta Tan'im, inda masu Umra ke ta sauka daga motoci da haraminsu fari fat, muka wuce Nawwariyya, gari ya fara ja da baya, baƙaƙen duwatsu suka sa mu tsakiya. Titin sumul, ko ramin rantsuwa babu. Duk da haka Yaya, da ke zaune a gaba, bai daina taka birkin da babu shi a gefensa ba, yana ta “shwayya shwayya, ya binti”, wato sannu-sannu 'yata, ita kuma tana amsa masa da to ba tare da ta rage gudu ba.

Abin da ya fi yawa a hanyar shi ne manyan tankokin ruwa, waɗanda a nan ake ce wa wayit. Na tambaya daga wane kogi suke ɗebowa. Yaya ya yi dariya ya ce ruwan da na yi kwana goma ina wanka da shi a gidansa na teku ne, an cire masa gishiri a wata masana'anta a bakin gaɓa, an turo shi ta bututu ya hauro duwatsu. Tahliya suke kiransa. Ni da na taso a unguwar da famfo ke tari sau ɗaya a mako, sai na hau jinjina lamarin.

Ni tsohon malamin firamare ne, ba na iya zama kusa da abin da ban gane ba. Na ce wa Dakta ta yi mini bayanin aikin nata. Hausarta rabi da rabi ce, in ta ɗauko magana da Hausa sai ta sauke ta da Larabci, amma in ta ga na yi zuru takan koma ta sake. Ta yi karatunta ne a wata ƙasa mai sanyi can arewacin duniya, a bakin teku. Ta ce dubban shekaru da suka wuce ƙanƙara ce ta lulluɓe ƙasar, tudu guda mai tafiya a hankali, tana niƙa duwatsu tana jan su. Da ta narke sai ta bar tsakuwa da yashi da laka jibge a kan juna a gaɓar teku, kuma a cikin wannan jibgin ne mutanen wurin ke haƙa rijiyoyinsu. Shekara huɗu ta yi tana bin rijiyoyin nan da kwalba cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, tana neman ta san daga ina ruwan yake shiga ƙasa, kuma ina ya nufa. Wata rijiyar ruwan ƙanƙarar bara take sha. Wata, taku ɗari kacal daga ta farkon, laka ta rufe ta, ruwan cikinta ya girmi duk wani gari da ke ƙasar. Wata kuma teku ce ke lallaɓowa ta ƙasa tana shiga mata.

Na ce to yaya ake ganewa, ruwa ai ruwa ne. Ta ce a ido ne kawai. A cikin ƙwayoyin ruwa akwai masu ɗan nauyi, akwai marasa nauyi, su ake kira aisotof. Ruwan da ya sauka a kan dutse mai tsawo inda ake sanyi, masu nauyinsa kaɗan ne. A ruwan teku sun fi yawa. Wanda rana ta daɗe tana sha, shi ma da tasa alamar. Kuma in ruwa ya shige ƙasa ba ya rabuwa da alamar nan ko zai shekara dubu yana tafiya. Na ce ashe tsagar gado ce, irin wadda ake gane Bagobiri da ita a kasuwa ko bai buɗe baki ba. Ta ce ba ta taɓa ganin Bagobiri ba, amma haka ne. Bambancin can da nan, in ji ta, shi ne tsakuwar Wadi Fatima ambaliya ce ta gangaro da ita daga duwatsun Ɗa'if, ba ƙanƙara ba.

Mun bar kwalta bayan Jumum muka gangara yamma muna bin cikin wadin. Ga wanda bai taɓa gani ba, wadi kogi ne da ba ruwa sai ranar da aka yi ruwa a duwatsu, ranar kuwa ko raƙumi ya tsaya a gabansa ya tafi. Gonaki ne jefi-jefi, wasu kore shar, wasu kututturen dabino kawai a tsaye ba kai. Ta Kawu tana tsakanin biyun.

Mun tarar da shi a bakin ƙofa cikin farar jallabiya sabuwa dal, yana ƙamshin turaren wuta kamar mai jiran ɗaurin aure.

“Amaryata ta iso da kwalabenta,” in ji shi. “Shekara huɗu kina can kina wanke wa Turawa ƙanƙara, sai yau kika tuna mijinki yana da rijiya.”

Dakta ta sumbaci goshinsa ta ce ai tsohon miji sai da dalili ake zuwa wurinsa. Wasan jika da kaka ne, suna yin sa kamar a ƙauyenmu. Ni kuma ya riƙe hannuna ya gaishe ni da wata Hausa da rabona da jin ta tun rasuwar kakata, yana tambayar mutanen da kabarinsu ya daɗe da bajewa. Da ya zo kan ɗansa sai ya dubi wani dabino ya ce, “An zo lafiya?” Yaya ya durƙusa ya amsa yana kallon ƙasa.

Bayan gahawa aka nufi rijiya. Faɗinta ya kai ƙaramin ɗaki, an jera mata dutse tun daga baki har ƙasa, jerin da ko reza ba za ta shiga tsakaninsa ba. Ruwa kuwa ga shi nan ya taso, garau, har kana hango fuskarka. Kawu ya tsaya a gefe yana shafa gemu. Dakta ta kunna injin ban-ruwa ya yi awa guda yana zuba, sannan ta tsoma wata 'yar na'ura mai auna gishiri. Ta duba, ta girgiza ta, ta sake tsomawa. Gishirin kaɗan ne ƙwarai, bai kai ko rabin na maƙwabta ba. Na ga ta bi hanyoyin ban-ruwan da kallo, inda farin gishiri ya bushe a gefe kamar an barbaɗa kanwa.

Aikina shi ne cika kwalba. Kada ku raina shi. Dole ta cika har baki, ba a yarda da iska ko kamar ƙwayar gero ba, don in ruwan ya samu wurin tururi alamar tasa za ta gurɓace. Sau uku Dakta tana zubar mini da aiki tana cewa, “Ammi, sake,” wato baffana a Larabcinsu. Ni da na shekara talatin ina cewa yara su sake, ranar na ɗanɗana. Muka ɗebo na rijiyoyin maƙwabta biyu, aka liƙe bakin kowace kwalba, aka rubuta mata lamba, aka sa a sanyi. Da rana Kawu ya sa aka kawo mana salig, shinkafa ce da ake dafawa da madara har ta yi kamar fate, da gasasshiyar kaza a sama. Na ci har na ji kunyar kaina, sannan muka kama hanyar Jidda ta Hadda da Bahra, don a jami'ar da Dakta ke aiki na'urar take.

Jidda ba ta burge ni da iskarta ba, gumi ne kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Na'urar da muka sha wannan tafiya dominta ma ba ta fi ƙaramin firji ba. Wata allura ce ke tsotsar ɗigo ɗaya daga kowace kwalba, sai a ce ku dawo gobe. Muka kwana gidan wani ɗan'uwa, aka sayo mana tsire, wanda a nan suke ce wa sire, da ƙuli-ƙulinsa da komai, na ce ashe kakanninmu ba Alƙur'ani kaɗai suka riƙo a hanya ba.

Washegari da hantsi Dakta ta kira mu gaban kwamfutarta. Zane ne mai ɗige-ɗige. Can ƙasa ta hagu akwai ɗigon ruwan saman duwatsun Ɗa'if da na ambaliyar wadin, waɗanda ta shekara biyu tana tarawa. Can sama ta dama akwai ɗigon teku. Rijiyoyin maƙwabta biyu sun zauna kusa da ruwan sama. Ta Kawu kuwa tana zaune daram a kan teku.

Gabana ya faɗi, don tun daga gaisuwar nan tsohon ya shiga raina. Yaya ya ce, “Khalas, shi ke nan.” Amma ban ga murna a fuskarsa ba, ya juya ne yana kallon taga idonsa ya kaɗa. Dakta ta ƙura wa zanen ido. Can ta ce ita dai ba ta taɓa ganin teku ta yi tafiyar nisan nan ta ƙarƙashin ƙasa ba, balle ta iso ta bar gishirinta a gida. Ta danna wani abu, wani ɗigon ya fito ya hau kan na Kawu kamar murfi da tukunya. Ɗigon ruwan famfon ofishinta ne.

“Abuya,” ta ce wa mahaifinta, “ruwan nan tahliya ne. Sidi ya zuba wayit a cikin rijiya.”

Sidi shi ne kaka a bakinsu. Na daɗe ina tunanin wannan lokacin. Da ta yi shiru, da ubanta ya samu abin da yake so, takarda ma ta goyi bayansa, ba kuma wanda zai taɓa sani. Ba ta ko yi jinkiri ba.

Ran Yaya ya ɓaci ƙwarai. Ya ce maganar auno ta ƙare, wanda rijiyarsa ke da rai ba ya saya mata ruwa, yau ɗin nan za a je a kwaso kayan tsohon. Na san tsoro ne ke magana ba ƙiyayya ba, don ya taɓa gaya mini kullum wayarsa ta yi ƙara sai ya ɗauka daga gonar ne ake kiransa da mugun labari. A nan na yi aikin da aka ɗauko ni dominsa. Na ce, Yaya, ba a yanke wa mutum hukunci da shaidar da kowa ya san ta ƙarya ce, ko da shi ya kawo ta da hannunsa. Alkawarin da aka yi shi ne za a tambayi rijiya, kuma har yanzu ba a tambaye ta ba. Ya yi tsaki, daga ƙarshe ya ce ya ba mu kwana uku.

Mun koma gonar bayan la'asar. Ni na rasa ta inda zan faro, Yaya kuwa ba shi da bakin faɗa. Dakta ce ta zauna kusa da kakanta ta zuba masa gahawa.

“Angona,” ta ce, “wayit nawa ka zuba mata?”

Kawu ya riƙe ɗan kofin bai kai baki ba. Ya dube ta, ya dube ni, bai dubi inda ɗansa yake ba. Ya ce biyu ne, ana gobe za mu zo. Ya tambaya ko direban ne ya tona, ta ce a'a, ruwan ne ya faɗa da kansa. Yaya ya miƙe ya karɓi mukullin mota ya koma Makka, ya ce yana da aiki da safe.

Washegari aka kunna injin tun hantsi, sai bayan la'asar ya fara shaƙar iska. Dabinon dai ya sha ruwan da bai taɓa shan irinsa ba. Muka leƙa muka ga gindin rijiyar, tsakuwa ce jiƙaƙƙiya da wani tsohon guga da ya faɗa tun ba a haifi Dakta ba. Ta ce za a bari ta taru, a sake kwashewa gobe, don na wayit ɗin ya shige cikin tsakuwar gefe, sai ya fita tas kafin na gaskiya ya biyo. Daga nan aiki ya koma na jira. Ita tana da awo mai igiya da ke ƙara in ya taɓa ruwa. Kawu ya ce bai yarda da abin da ke kuka ba, ya ɗauko igiyarsa da dutse a baki, yana aunawa da kamu da taƙi. Duk awa biyu sai sun auna, sai sun yi musu, kuma bambancinsu bai taɓa wuce yatsa ba.

A cikin jiran nan ne, da rana tsaka muna zaune a inuwa, Kawu ya buɗe mini cikinsa ba tare da na tambaya ba. Ya ce shi ya ɗauka irin awon ma'aikatan lafiya ne, a duba in ruwa mai tsabta ne ko mai datti. Ruwan kuwa ya san ya yi zartsi, ya ɗan yi duhu. Ya kwana yana tunanin jikarsa za ta ɗauki ruwan ubansa ta kai gaban manyan malamai a Jidda, a ɗaga kwalba a hasken fitila a ce wannan ƙazanta daga gidan wa ta fito.

“Kai ka taɓa ganin an kai yaro asibiti ba a yi masa wanka ba?” ya ce da ni.

Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya ce shekara shida ke nan bai bar rijiyar ta kai ƙasa ba, yana kashe injin da wuri, don yana tsoron ranar da zai kwashe ta ya zauna jira ta ƙi dawowa. Ya ce ya je gidan Utaibiyya ya ga ɗakin da aka gyara masa, da gado mai kyau da na'urar sanyi, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabci. Ya san don ƙauna aka yi. Amma shi tun yana ɗan shekara bakwai ba a taɓa wayewar gari bai ji ƙarar ruwa na bin kwari ba, bai san me mutum ke yi da safiya in ba wannan. Na tausaya masa, sai na ƙara masa gahawa.

Ruwan ya dawo, amma a hankali kamar mai jin nauyin shigowa. Aka sake kwashewa, ya sake tarowa. Rana ta uku da safe Dakta ta ce yanzu na gida ne. Da aka jawo shi, ga shi nan da ɗan duhunsa. Kawu ya miƙo mini kofi ya ce in ɗanɗana in gaya masa gaskiya. Na ce akwai zartsi, Kawu. Ya ce ya sani. Lokacin da nake cika kwalbar ya juya baya yana gyara wata igiya da ba abin da ya same ta. Wannan karon ba a ce mini in sake ba. Yaya ya iso ya ɗauki 'yarsa suka tafi Jidda, ni na zauna da tsohon. Ranar bai ci abincin kirki ba, ni ma na rage, kaɗan.

Sun dawo washegari bayan azahar. Dakta ba ta yi wasan amarya da ango ba. Ta durƙusa a gabansa ta buɗe kwamfutar, ta nuna masa ɗigonsa zaune a tsakiyar ɗigon ambaliyar wadin.

“Sidi, da ranta. Ruwan duwatsun Ɗa'if take sha, irin na ambaliyar bara da bara waccan. Ba ruwanta da teku.”

Ta ce zartsin daga ƙasar gonar ne, rana ce ke shanye ruwan ban-ruwa ta bar gishiri, ya sake komawa ƙasa. Akwai wani awon na shekarun ruwan da sai bayan wata uku zai fito, amma ba ta tsammanin zai ƙaryata wannan. Kawu ya rufe fuskarsa da gefen rawaninsa, muka ba shi lokaci. Sai dai Dakta ba ta gama ba, kuma na ga nauyin abin a fuskarta. Ta ce yadda ruwan ke dawowa a kwana ukun nan, abin da rijiyar ke samu ba zai riƙe dabino saba'in da 'yan kai ba. Gonaki sun yi yawa a saman wadin, kowa da injinsa, abin da ke isowa nan ragowa ne. Ashirin za ta iya ɗauka. In ya nace sai duka, duka za su tafi.

Yaya ne ya fara magana, ni yake kallo.

“Ka gaya wa Abuya alkawari alkawari ne. Ya zauna.”

Kawu ma ni ya kalla. “Ka gaya wa wancan na ji. Ka ce masa kuma abin da na yi ban kyauta ba.”

Taku uku ne tsakaninsu, amma na juya na maimaita wa kowa saƙonsa kalma da kalma, don aikina ke nan.

Kawu ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon harami da ya yi ja don daɗewa, ya zauna ya yayyaga shi ƙyalle ashirin. Ya ce wanda aka ɗaura wa zai ci gaba da shan ruwa. Na farkon ba su ba shi wahala ba, wasu dogaye ne guda biyar a bakin rijiya da mahaifinsa ya dasa. Daga nan tafiyar ta yi nauyi. Kowane itace ya san shekarar da aka sa shi da wanda aka haifa a shekarar. Yakan tsaya ya dafa wannan, ya wuce, ya dawo. Ƙyallayen suna ta zubewa daga hannunsa saboda sandar da yake dogarawa.

Mun riga mun shiga mota, Dakta ta tayar, sai Yaya ya ce ta dakata. Ya fita, ya naɗe jallabiyarsa, ya bi kwarin ban-ruwan ya tsince ƙyallayen da suka zube, ya karɓi sauran daga hannun ubansa, ya tsaya a bayansa. Ya ɗago mana hannu alamar mu tafi.

Mu biyu muka dawo. Dakta ba ta yi gudu ba ko kaɗan, ga shi ba mai taka mata birki. Mun shigo ta Tan'im ana kiran magariba, muka ratsa cunkoson Zahir, muka iso Utaibiyya ƙafafuna duk farin gishiri.

Na tafi da niyyar kallon na'ura, kuma na gan ta, na yarda da ita, ruwa ba ya ɓoye gidansu. Amma abin da na fi riƙewa daga tafiyar nan shi ne yadda tsoro ke sa mutum ya rufe abin da yake ƙauna har ya kusa kashe shi da hannunsa. Wankan da Kawu ya yi wa rijiyarsa saura ƙiris ya raba shi da ita, ruwan zartsin da yake jin kunyar nunawa shi ne ya tsaya masa. Kuma gaskiyar da ta bar shi a gonarsa ita ce ta karɓe masa itace hamsin, bai kuwa yi mata musu ba.

Yau da safe Yaya ya kira ni daga gonar. Sun ɗaura goma sha tara. Ya ce tsohon ya ajiye ƙyalle na ƙarshe a kan bakin rijiya, ya gaya wa wani dabino cewa na ashirin ɗin wanda zai gaji gonar ne zai zaɓa. Har muka gama wayar Yaya yana tsaye a tsakiyar itatuwan da ƙyallen a hannunsa, bai zaɓa ba tukuna.